Babi na Huɗu: Bindigar da Za Ta Riƙe Yadi Kafin Faiba Ta Kama

Mota ba ta da kusurwa madaidaiciya. Duk inda ka leƙa, ko but ne, ko jikin ƙofa, ko ramin safaya, ko lungun da ke gefen ƙafar direba, lanƙwasa ce a kan lanƙwasa. Akwatin katako mai kusurwa huɗu zai zauna a but ya yi kiɗa, amma zai cinye wurin kaya, kuma duk wanda ya gan shi ya san baƙo ne a motar. Dalilin da ya sa masu haɗa kayan sauti suka rungumi faiba ke nan. Kayan ba sabo ba ne. Tun 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning a Amurka don sana'ar zaren gilashi, a 1953 kuma Chevrolet ta fitar da motar Corvette da gangar jikin faiba. Da gasar sautin mota ta kankama a can cikin shekarun 1980, ƙungiyoyi irin su IASCA suka riƙa ba da maki ga tsabtar aiki kamar yadda suke ba zaƙin sauti, sai faiba ta zama makamin duk mai son aikinsa ya yi kama da wanda aka fito da shi daga kamfani.

Dabarar da aka fi bi ba ta da wuyar bayani. Ana yanka zobe daga katakon MDF daidai girman sifikar da za ta zauna. A kafa shi a bisa gindin da aka riga aka kwafo daga jikin motar, a tokare shi da 'yan sanduna da gam mai zafi, a karkata shi ta fuskar da ake son sauti ya nufa. Daga nan a ɗauko yadi mai miƙewa, yawanci irin mai laushin nan da ake ɗinka rigunan sanyi da barguna da shi, a ja shi ya rufe zoben har zuwa gindi, kamar yadda ake ɗaura fata a bakin ganga. Siffar da yadin ya ɗauka a wannan jan ita ce siffar aikin. Sai a jiƙa shi da ruwan faiba, wato rezin da aka zuba wa maganin busarwa, ya sandare. Bayan haka a ƙarfafa shi da tabarmar zaren gilashi, a shafa fila, a goge da samfefa, a yi fenti ko a rufe da leda ko kafet.

Tsakanin jan yadi da sandarewar rezin akwai wani ɗan lokaci da babu abin da ke riƙe da siffar nan sai fil ɗin da aka harba wa yadin da bindigar fil. Wannan ɗan lokacin shi ne ma'aunin da za ka zaɓi bindiga da shi.

Aikin fil na ɗan lokaci ne

Yawancin masu sayen bindigar fil suna shiga shago da tunanin kafinta: wacce ta fi ƙarfi, wacce ta fi nitsar da dogon fil. A aikin faiba wannan tunanin asara yake jawowa, domin ba fil ne ke riƙe akwati ba. Ranar da wufa, wato babbar sifika, ta fara girgiza but, abin da ke ɗauke da nauyin shi ne rezin da ya ratsa yadi ya kama katako, da hawa-hawan tabarmar gilashi da aka shimfiɗa a kai. Fil ya gama nasa aikin tun ranar farko.

Amma aikin nasa, ko da yake gajere ne, ba ya karɓar kuskure. Yadin da aka ja da ƙarfi kullum yana neman komawa. Idan rezin ya jiƙa shi sai ya yi nauyi ya nemi lotsawa. Rezin kuma yana ɗaukar zafi yayin da yake kamawa, yana ɗan tsukewa. A yanayin zafi na digiri 25 yakan fara daskarewa cikin minti 15 zuwa 20 idan an zuba maganin busarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. A zafin bazara irin na Kano ko Damagaram, inda ma'auni ke haura 40, lokacin ya fi haka gajarta. Idan fil guda ya saki yadi a cikin waɗannan mintuna, ba ka da hannun gyara: safar hannunka ta yi danƙo, buroshi na hannu, rezin na gudu. Wurin zai sandare a murɗe, kuma abin da fil na sisin kwabo ya kasa riƙewa sai ka biya shi da gwangwanin fila da yinin guga.

Saboda haka abubuwa uku ake nema daga fil: ya danne yadi ba tare da ya yanka shi ba, ya shiga katako ba tare da ya tsaga shi ba, ya kwanta lif ta yadda ba zai tsaya wa samfefa a hanya ba. Bindigar da ta fi kowacce ƙarfi takan faɗi a duka ukun.

Ka fara da fil, ba da bindiga ba

Kowace bindiga zuri'ar fil ɗaya take ci. Ba a yi mata dole, ba a yi mata dabara. Don haka wanda ya fara zaɓen bindiga ya riga ya ɗaure kansa da fil ɗin da bai duba ba.

Fil yana da sassa uku da ake aunawa: kafaɗa, wato sandar da ta haɗa ƙafafu biyu, tsawon ƙafa, da kaurin waya. Ana faɗin kaurin waya da lambar geji, kuma lissafin a juye yake: lamba 22 ta fi 20 siranta, 20 ta fi 18. Ga zuri'o'in da za ka fi cin karo da su.

Zuri'ar 71 ita ce ta masu ɗaura kushin. Wayarta siririya ce, geji 22, kafaɗarta kimanin milimita 9, ƙafa kuma ba ta wuce milimita 16. Zuri'ar 80 ta fi ta faɗi, kafaɗarta milimita 12.8, wayarta ta ɗan fi kauri. Zuri'ar 10J, wadda bindigogin ƙasar Sin suka yaɗa, tana da kafaɗar milimita 11.2 da waya mai faɗi-faɗi. Akwai kuma T50 na kamfanin Arrow na Amurka, wanda bindigar hannu ta yi wa suna tun shekarun 1950, amma yanzu akwai masu aiki da iska da ke cin sa. Waɗannan huɗun duk na yadi ne, kuma kowannensu zai yi maka aikin faiba.

A ɗaya ɓangaren akwai masu ƙaramar kafaɗa: zuri'ar 4J mai kafaɗar kusan milimita 5, da zuri'ar 90 mai kafaɗar kusan milimita 6, geji 18, wadda ƙafarta kan kai milimita 40. Waɗannan na haɗa katako da katako ne. Ka harba ɗaya a kan yadin da aka ja, sai ka ga ya wuce ta cikinsa ya nutse a katako ya bar rami, yadin ya zame ya koma inda ya fito. Ƙarfin jan ya taru ne a kan zare kaɗan, zaren kuma suka tsinke. Faffaɗar kafaɗa tana raba jan a kan zare masu yawa, shi ya sa take riƙewa.

Da zarar ka gane waɗannan lambobi, sunayen da ke jikin kwalaye sun daina ruɗa ka, domin yawancin bindigogin Sin sunansu shi ne bayaninsu. 7116 na nufin zuri'ar 71, ƙafa har milimita 16. 8016 zuri'ar 80 ce, ita ma har 16. 1013J zuri'ar 10J ce, har 13. 422J da 9040 kuwa su ne masu ƙaramar kafaɗa, har 22 da har 40. Wadda aka rubuta wa F30 ko F50 ba ta fil ba ce sam, ta siririyar ƙusa ce, ba ta da abin da za ta riƙe yadi da shi.

Wani tarko kuma: fil na zuri'ar 71 da T50 dukansu akan rubuta musu kafaɗar sulusi da ɗan wani abu na inci, wato uku bisa takwas, amma ba sa shiga bindigar juna, domin wayarsu ta bambanta. Lambar zuri'a za ka bi, ba awon kafaɗa kaɗai ba.

To a cikin huɗun nan na yadi wanne ya fi? A takarda zuri'ar 71 ce ta fi dacewa da zoben MDF, domin siririyar wayarta ba ta cika tsaga katako ba, tana kuma ɓacewa a cikin yadi. Zuri'ar 80 da 10J sun fi riƙe yadi mai kauri da kafet. Amma akwai hukuncin da ya fi na takarda: wanne ake sayarwa a garinku? Ka leƙa wurin masu ɗinkin kujerun kushin, ka ga kwalin da ke gefen ƙafarsu. Fil ɗin da suke saye kullum shi ne wanda ba zai yanke a kasuwa ba. Bindiga mai tsada da ke jiran fil daga ƙetare ƙarfe ce kawai a kan tebur.

Abin da katako ke so, da abin da roba ba ta so

MDF garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse da zafi. Fuskokinsa biyu suna da tauri, tsakiyarsa kuwa ba ta kai su ba. Idan ka harba fil a fuska, yana kamawa sosai. Idan ka harba a kaifi, wato gefen da aka yanka, ƙafafun suna shiga tsakanin shimfiɗun garin su buɗe su, zoben ya dare gida biyu. Zoben sifika kuma ba shi da faɗi. Sau da yawa bai wuce yatsa biyu ba.

Maganin abin gajeren fil ne. Ga yadi a kan MDF mai kaurin milimita 18, ƙafar milimita 8 zuwa 10 ta wadatar a fuska. A kaifi ka sauko zuwa 6 ko 8, ka ɗan karkata bindigar yadda ƙafafun biyu ba za su faɗa a layi ɗaya ba, kada kuma ka jera su kusa-kusa. Ga siririn allo na milimita 6, irin wanda ake yin fuskar ƙofa da shi, ka nemi mafi gajarta da bindigarka ke ci, in ba haka ba tsinin zai ɓullo ta ɗaya fuskar. Wannan ya sa idan kana karanta kwalin bindiga, lambar ƙasa ta fi ta sama amfani gare ka. Kowa yana tambayar iyakar tsawon da take harbawa. Kai ka tambayi iyakar gajarta.

Ƙwararru suna ƙara wata dabara. Kafin su kafa zobe, sukan sassaƙe wata 'yar matakala a kewayen bakinsa na waje da injin rawuta, su harba fil a cikinta. Yadi da fil da rezin duk sai su kwanta ƙasa da fuskar zoben, fuskar ta zauna sumul don sifika ta manne ba tare da iska ta tsere ba. Dabarar tana da wata fa'ida: fil ya kauce wa hanyar yanka. Idan rezin ya bushe za ka yanke yadin da ya rufe ramin sifika, kuma haƙorin rawuta da ya ci karo da ƙarfe yakan ɓantare. Haka fil ɗin da ya ɗago kai yakan yaga samfefa.

Kafaɗar fil kuma ta gitta hanyar jan yadi, kada ta bi ta. Idan yadi na ja zuwa ƙasa, kafaɗa ta kwanta a gicciye, ta bi zagayen zobe. Ka fara da harbi huɗu a fuskoki huɗu masu kallon juna, sannan ka riƙa raba tsakani kana ja, har tattara ta ƙare.

Robar jikin ƙofa da ta ginshiƙan gilashi wani al'amari ne daban. Wata takan fashe idan fil ya buge ta, musamman wadda rana ta gasa shekara da shekaru. Wata kuma fil ya shiga amma bai kama ba. A nan sufa gulu da ruwan da ke hanzarta bushewarsa sun fi bindiga. Rezin ma ba ya son kama wasu nau'o'in roba, don haka akan karce wurin da samfefa mai kaushi, a huda ƙananan ramuka da rezin zai ratsa ya riƙe ta baya. Kada ka harba fil a kan roba tana jikin mota. Ba ka san wayar da ta bi ta bayanta ba.

Me ya sa ta iska?

Bindigar hannu tana aiki, kuma mutane da yawa da ita suka fara. Matsalarta ita ce hannun da ke matsa ta shi ne kuma ke danna ta a kan katako. Lokacin da sifirin ya saki, bakin yakan ɗan yi tsalle, fil ya tsaya rabi a waje. A kan zoben da 'yan sanduna da gam kaɗai suka tokare, dannawar da take buƙata ta isa ta karkatar da shi daga inda ka saita. Ƙananan bindigogin lantarki masu waya sukan gaza a fuskar MDF. Masu batir sun fi su ƙarfi, amma suna da nauyi da ƙaton kai da ba ya shiga lungu, ga tsada.

Ta iska ba ta da mota a cikinta, ba ta da batir. Idan ka taɓa kunama, bawul ya buɗe, iska ta tura fistin, fistin ya tura wani siririn harshen ƙarfe da ke yanko fil ɗaya daga jere ya cusa shi, sannan iskar da ta taru a ƙasa ta mayar da fistin sama. Shi ke nan. Saboda haka nauyinta bai wuce kilo guda ba, ba ta buƙatar ka danna, kuma harbi na ɗari daidai yake da na farko. Hannunka na hagu yana jan yadi, na dama yana aza baki kawai. Sama da duka, kana iya rage ƙarfinta ko ƙara shi yadda kake so.

Abin dubawa a jikinta

Baki shi ne farko. Akwatunan faiba cike suke da kwari da loko, kuma sau da yawa wurin da yadi zai kama yana can ƙarƙashin zobe. Bindiga mai gajeren baki da ƙaton kai takan tokare kafin ta kai. Akwai masu dogon baki, na kusan inci 2, da aka ƙera don masu kushin. Idan aikinka ya fi yawa a lungun ƙafa da ƙofofi, ƙarin kuɗin ya cancanta. Idan manyan akwatunan but ne, gajeren baki mai siriri ya isa, ya kuma fi jure faɗuwa.

Na biyu, inda take fitar da iska. Kowane harbi yana tafe da hucin iska, a cikin hucin kuma akwai ɗigon mai. Idan yana sauka a kan yadi, rezin ba zai kama wurin da kyau ba, fenti ma daga baya zai yi idanu. Ka nemi wadda ke hurawa ta baya, ko wadda murfinta ke juyawa.

Na uku, kunama. Bindigogin kafinta suna da wani ɗan ƙarfe a baki da sai an danna shi a jikin katako kafin su tashi. Yawancin na kushin ba su da shi, domin yana kama yadi yana kuma tare gani. Da ka taɓa kunama sai harbi, ko da bakin na kallon sama. Wasu suna da kunama biyu, ƙarama da sai an ɗaga ta kafin babbar ta motsa. Wannan ta fi dacewa da shagon da yara masu koyo ke shiga da fita. Masu harbi a jere kamar ruwan sama kuwa na masana'anta ne, ba ka da buƙatarsu.

Na huɗu, gidan fil. Wanda ake buɗewa ta ƙasa ya fi sauƙin lodi, ya fi sauƙin fitar da fil idan ya maƙale. Ka ja shi ka mayar sau da yawa, ka ji ko makullinsa na kamawa da kyau.

Game da suna, BeA ta Jamus, da ke Ahrensburg kusa da Hamburg, da Fasco ta Italiya, da Senco ta Cincinnati a Amurka, su ne masu kushin na sana'a suka daɗe suna yabo, kuma ana samun kayan gyaransu. Porter-Cable US58 ta yi suna a ƙananan shagunan Amurka, tana cin geji 22. Surebonder 9600 da Arrow PT50 na T50 ne. A kasuwanninmu kuwa na Sin ne suka fi yawa, kuma ga wanda ke yin akwati biyu ko uku a wata, mai kyau daga cikinsu ta wadatar. Abin da ke mutuwa a kowace bindiga sanannu ne: harshe, zoben roba da ke tare iska, da robar da fistin ke dukawa a ƙasa. Ka tambayi mai shago ko yana da su. Amsarsa ta fi tambarin da ke jikin kwali gaya maka gaskiya.

Iska ita ce rabin bindiga

Bindigogin siririn fil suna aiki ne tsakanin bar 4 da bar 7, wato kimanin psi 60 zuwa 100. Yawancinsu ba su da maɓallin daidaita zurfi, don haka ragiletar da ke jikin injin iska ita ce linzaminka. Ka fara daga ƙasa, ka harba a guntun katako da guntun yadi, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kafaɗa ta kwanta ta danne yadi ba ta nutse ba. Idan ka ga ta yanka zare, ka wuce wuri, koma baya. Duk lokacin da ka sauya tsawon fil ko ka tashi daga fuska zuwa kaifi, ka sake gwaji.

Ba ta cin iska da yawa. Harbi ɗaya bai kai rabin lita ba. Tanki mai lita 24 da ya cika zuwa bar 8, kafin ya sauko bar 5 ya ba da kusan lita 72, wato harbi sama da ɗari ba tare da injin ya sake tashi ba. A inda wuta ke zuwa tana tafiya wannan lissafin yana da amfani: ka cika tanki lokacin da aka kawo, ka ɗaura zobe ko biyu bayan an ɗauke. Sai dai ka sani injin mai ƙarfin doki 2 yana jan wuta mai yawa lokacin tashi, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa. Kuma idan kana da niyyar yin fenti ko guga da iska nan gaba, waɗannan su ne masu cin iska, su za ka auna girman tanki da su, ba bindigar fil ba.

Iskar da aka matse tana tara ruwa a gindin tanki, da damina abin ya fi yawa. Ka buɗe maƙogwaron ƙasa ka zubar a ƙarshen kowane yini, ka sa matacin ruwa kafin tiyo. Mai kuwa ɗigo biyu ko uku na man kayan iska a bututun shiga, kafin fara aiki, ya isa. Ka harba 'yan kaɗan a guntun katako rarar ta fita. Baƙin man mota yana cin roba, kada ka kusantar da shi. Kada kuma ka ɗaura na'urar zuba mai a kan tiyon da za ka yi fenti da shi wata rana, domin tiyon da ya sha mai ba ya wankuwa. A ƙarshe ka duba kan haɗi: akwai samfurin Japan, na Turai da na Amurka, duk da sunan rubu'in inci, amma ba sa shiga juna. Ka tafi da kan tiyonka shago.

Gwaji a gaban mai shago

Ka sa guntun MDF da ƙyallen yadinka a aljihu. Duk mai sayar da kayan iska da ya amince da hajarsa zai yarda a gwada, ko a shagonsa ko a wurin maƙwabcinsa mai injin. Ka loda mafi gajeren fil. Ka harba goma a fuska, ka shafa da yatsa: duk sun kwanta daidai da juna? Ka harba a kaifi, ka ga ko ya tsage. Ka ja yadin da ƙarfi ka harba, sannan ka fizge shi. Idan yadin ya yage ya bar fil a zaune, riƙon ya yi, idan kuwa ya zame ta ƙarƙashi ko kafaɗa ta riga ta yanka shi, a sake saiti. Ka bar jeren fil ya kusa ƙarewa, domin a 'yan ƙarshen ne bindiga mai raunin sifirin ke fara tsallake ko fitar da biyu a tare. Sannan ka kai ta kunne ba tare da ka taɓa kunama ba. Bindiga mai lafiya shiru take; wadda ke tsaki tana yoyo.

Fil ɗin ma ka duba shi. Jeren da ke karyewa da an taɓa, ko mai gam da ya yi yawa, ko mai tsatsa, shi ne sanadin yawancin maƙalewar da ake ɗora wa bindiga.

Kiyaye kai da kiyaye kaya

Tabarau na kariya wajibi ne tun daga harbin farko, domin fil da ya ci karo da wani fil ko busasshen rezin yakan dawo. Su ne kuma za su tsare ka daga maganin busar da rezin, wanda ɗigonsa ɗaya a ido kan makantar. Hannun da ke jan yadi shi ne ya fi kusa da baki, ka ba shi tazara. Kafin ka zaro fil da ya maƙale, ko ka miƙa wa yaro bindiga, ko ka ajiye ta, ka cire tiyo. Iskar injin kaɗai ake ba ta: tukunyar iskar oksijin ta masu walda, idan ta haɗu da man da ke cikin bindiga, fashewa take. Ƙurar MDF da tururin rezin kuma suna buƙatar takunkumi na gaske da wuri mai shan iska.

Sifika ta zauna a kwalinta har a gama. Maganaɗisunta yana jawo ɓarɓashin fil da garin ƙarfe daga kan tebur, kuma abin da ya faɗa ramin da nannaɗaɗɗiyar waya ke motsi ba ya fita. Sai dai ka ji ƙarar karce a sabuwar wufa.

Idan kuɗinka na bindiga ɗaya ne, ka sayi ta siririn fil mai faffaɗar kafaɗa, 7116 ko 8016 ko 1013J, gwargwadon wanda masu kushin na garinku ke samun fil ɗinsa, tare da kwali biyu, na milimita 6 da na 10. Ita za ta ɗaura maka yadi, ta kuma dawo a ƙarshen aiki ta ɗaura leda da kafet. Haɗa allunan akwati kuwa gam ɗin katako da sukurori za su yi, har ranar da aiki ya yawaita ka ƙara ta biyu, 9040 ko F50, don riƙe alluna kafin gam ya bushe. Da yadi ya ɗauru ya yi tsam ba tattara, sauran magana ta koma kan awon rezin da maganin busarwa, kuma da shi babi na gaba zai fara.